Ƙiyayya Ba Da Wuƙa Take Farawa Ba

'Yan'uwa mata da 'yan makaranta, duk wadda ta daɗe a Kaduna ta san kalmomin nan biyu, "an fara". Ba a ma tambayar me aka fara. Da zarar sun faɗo cikin Babbar Kasuwa, wadda aka sa wa sunan marigayi Sheikh Abubakar Gumi, sai ki ji ƙarar ƙofofin kantuna ana ja, mai tumatir ta bar tirenta, motoci su cunkushe a titin Ahmadu Bello, kowace uwa kuwa hankalinta ya tafi makarantar da ɗanta yake, tana lissafin ko akwai gada tsakaninta da shi. Wani lokaci gaskiya ne an fara ɗin. Sau da yawa kuwa ɓarawo aka biyo, ko tayar mota ce ta fashe.

In ƙura ta lafa, aka ɗage dokar hana fita, sai mu koma tsakar gida muna ba juna amsoshin da muka saba: aikin Shaiɗan ne, 'yan ƙwaya ne, 'yan siyasa ne suka biya su. Kowace amsa da 'yar gaskiyarta. Amma a ganin wannan fili dukkansu suna da aibi ɗaya, watau suna ɗauke maganar su kai ta nesa da ƙofar gidanmu, alhali kuwa yaran da suka ɗauki adda da galan ɗin fetur a wata tsakar gida suka ci tuwo daren jiya, kuma wata mace ce ta goya su. Saboda haka yau muke so mu duba abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da yadda mutum mai hankali, wanda yake gaida tsofaffi, yake kai ga kashe wanda bai taɓa yi masa kome ba.

Ba sai mun tsawaita tarihi ba, domin da yawa daga cikinmu a jikinsu yake rubuce. A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 gardama a kan tayar da kasuwar Zangon Kataf zuwa wani sabon wuri ta zama zub da jini, a watan Mayu wutar ta ci har cikin garin Kaduna. Ranar 21 ga Fabrairu 2000 aka fara rikicin Shari'a, aka sake a watan Mayu, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu. A Nuwamba 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci mutum wajen 250. Bayan zaɓen Afrilu 2011 fiye da mutum 800 suka halaka a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku, mafi yawansu a Jihar Kaduna. Sa'an nan zamanin bama-bamai ya zo, na ranar Ista ta 2012, da na coci-cocin Zariya da Kaduna a watan Yunin shekarar, da biyun nan na ranar 23 ga Yuli 2014, ɗaya kusa da Dandalin Murtala, ɗaya a Kawo.

Masana sun raba waɗannan abubuwa gida biyu, ko da yake gidajen maƙwabtan juna ne. Na farko suna kiransa laifin ƙiyayya, watau a cuci mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa kawai. Alamarsa ita ce, da wani irinsa ne ya biyo hanyar a wannan sa'a, da shi za a kashe. Matafiyin da matasa suka tare a shinge suka ce ya faɗi sunansa, ko ya yi addu'ar addinin da ya ce nasa ne, ba wanda ya san halinsa a cikin masu tare shi. Na biyu shi ne ta'addanci, aikin ƙungiya mai shugabanni da kuɗi da manufa, wadda take kashe kaɗan domin ta tsorata dubbai. Bam ɗin ranar Ista ya kashe mutum wajen 40, galibinsu 'yan achaɓa da masu shan shayi a bakin titi, waɗanda ba su tare wa kowa hanya ba. A duka biyun gawa wasiƙa ce, ana aika ta ga masu rai: ku tashi daga nan, ko ku ji tsoronmu.

To, su wane ne masu aikawa? Abu na farko da bincike ya rushe shi ne zaton cewa mahaukata ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Marc Sageman, ya bi tarihin rayuwar mutum 172 da suka shiga ƙungiyoyin ta'adda, ya buga sakamakon a 2004. Bai sami taɓin hankali a cikin mafi yawansu ba. Abin da ya samu shi ne galibinsu aboki ne ko ɗan'uwa ya ja su. Wannan labari ba mai daɗin ji ba ne, gama da mahaukata ne da sai mu ce asibiti ta ji da su, mu kwanta.

Tushen abin yana cikin wata ɗabi'a da kowannenmu yake da ita, ta raba mutane zuwa "mu" da "su". Wani malami mai suna Henri Tajfel ya gwada wannan a birnin Bristol na Ingila wajen 1970. Ya tara yaran makaranta ɗaya, ya raba su kashi biyu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar wane zanen hoto ya fi burge su. Sa'an nan ya ce kowane yaro ya raba lada tsakanin waɗansu yara biyu da bai san ko su wane ne ba, sai dai an gaya masa ƙungiyar kowanne. Yaran suka fifita 'yan ƙungiyarsu. Abin mamakin ma shi ne, sau da yawa sun gwammace nasu ya sami kaɗan muddin ya fi na wancan, da a ce duka biyun su sami mai yawa. Ba gāba tsakaninsu, ba tarihi, ba wanda ya kashe kakan wani. Suna kawai aka raɗa musu.

Mu mata ba ma bukatar Bature ya koya mana wannan. Wadda ta tashi a gidan yawa ta san 'yan ubanci, ta san yadda yara masu uba ɗaya suke zama 'yan ɗakinmu da 'yan ɗakinsu tun kafin su iya ɗaura zane. 'Yan makaranta kuma sun san yadda ƙawaye biyu kan daina magana mako guda saboda ɗaya tana gidan ja ɗaya tana gidan kore a wasannin motsa jiki. Son naka ba laifi ba ne, da shi ake riƙe zumunci. Inda ɓarnar take shi ne abin da kan biyo baya: namu muna ganinsu ɗaya-ɗaya, akwai nagari akwai mugu, amma nasu sai mu ce "ai duk halinsu ɗaya". In ɗanmu ya yi sata, abokai ne suka lalata shi. In ɗansu ya yi, ai haka jininsu yake.

A nan muke so mu dakata sosai, a kan wani tsani da Gordon Allport na Jami'ar Harvard ya bayyana a 1954. Ya ce ƙiyayyar jama'a ga jama'a tana da matakai biyar. Ana farawa da baki, zambo da habaici da sunayen raini. Daga nan sai ƙaurace wa juna. Sai nuna bambanci, a hana mutum haya ko aiki ko gurbin makaranta. Sai duka da ƙone-ƙone. Na ƙarshe shi ne neman shafe jama'a gaba ɗaya. Shi kansa ya ce mutane da yawa ba sa wuce matakin baki har su mutu. Amma kowane mataki yana sauƙaƙa hawa na gaba, kuma ba a taɓa ganin waɗanda suka tsinci kansu a na huɗu ba tare da an daɗe ana share musu na ɗaya ba.

Matakin farko kuwa a ina ake taka shi? A bakin murhu, a gindin famfo, a gidan suna. Yaro ɗan shekara huɗu bai san bambancin aƙida ba, amma ya san yadda fuskar uwarsa take canjawa in ta ce "arna", ya san muryar da take cewa "kada in sake ganinka da yaran nan". A ƙetaren kogi su ma suna da nasu sunayen, har kalmar "aboki", wadda a bakinmu ta ƙauna ce, an mai da ita ta raini ga duk mai hula da doguwar riga. Uwar can da uwar nan kowace tana ganin tsare ɗanta take yi. Shekara goma sha biyar bayan haka yaran biyu za su haɗu a kan gada, kowanne ya riga ya san sunan da zai kira ɗayan. Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan gari maganar ta wuce karin magana.

Mataki na biyu kuwa, in za mu faɗi gaskiya, Kaduna ta riga ta taka shi. Tun daga rikicin 2000 mutane suka yi ta sayar da gidaje ko musayarsu, Musulmi suna komawa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suna komawa Sabon Tasha da Narayi da Television, har waɗansu suna kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa Urushalima. Ba mu zargin kowa da ya tashi. Wadda ta kwana a barikin soja da jariri a baya ba za a ce mata ta koma unguwar da aka ƙone ɗakinta ba. Amma sai mu san kuɗin da muka biya. Matan da suka girma a shekarun 1970 suna iya kawo sunan maƙwabciyar da ta aiko musu da shinkafar Kirsimeti, su ma suka aika mata da naman layya. 'Yarki da aka haifa bayan 2000 mai yiwuwa ba ta taɓa shiga ɗakin wadda ba addininsu ɗaya ba. Duk abin da ta sani game da su, ji ta yi. Na uku ma ba baƙo ba ne: masu gidajen haya nawa ne suke tambayar addini kafin su faɗi kuɗi?

Sauran tambaya ita ce yadda hannu yake iya aikatawa, tun da kowa an koya masa kisa haramun ne, a masallaci da coci. Albert Bandura, wani masani na Jami'ar Stanford, ya ce mutum ba ya korar ɗan alƙalin nan da ke cikin zuciyarsa, lallashinsa yake yi ya yi barci na ɗan lokaci, kuma ya lissafta dabarun lallashin. Ɗaya ita ce a tuɓe wa abokin gāba rigar mutuntaka. A Ruwanda a 1994 wani gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, kuma cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a hannun maƙwabtansu. Wanda ya taka kyankyaso ba ya rasa barci. Wata dabarar ita ce a sake wa aikin suna, kisa ya zama "kare unguwa", ƙone gida ya zama "shara". Wata kuma a raba laifin ga taro: mutum hamsin suka jefi mutum ɗaya, kowa ya koma gida yana cewa ba dutsena ne ya kashe shi ba. Mafi ƙarfinsu duka ita ce "su suka fara". Ku tambayi kowane ɓangare a Kaduna ranar da aka fara, za ku ji kowa da tasa shekarar, kuma kowa yana farawa ne daga ranar da aka cuce shi. A watan Yunin 2012 'yan Boko Haram suka tayar da bam a coci, matasa suka tare hanya suka huce a kan matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, waɗansu matasan kuma suka rama a kan waɗansu bayin Allah. Masu bam ɗin ba su nemi abin da ya fi haka ba.

Man fetur ɗin wannan duka ita ce jita-jita, kuma a nan dole mu mata mu sunkuyar da kai kaɗan. Allport da abokin aikinsa Leo Postman sun nuna tun 1947 cewa jita-jita tana bunƙasa ne in abu biyu suka haɗu: maganar ta shafi rayuwar mutane, kuma babu sahihin bayani. Sun kuma nuna yadda labari yake sauya kama daga baki zuwa baki. Ana zubar da bayanan da suka yi tsawo, ana kambama abin tsoro, ana gyara saura ya dace da abin da mai ji ya riga ya yarda da shi. Faɗan mai shago da mai ɗaukar kaya a layin 'yan atamfa, kafin ya kai tashar mota ya zama faɗan addini, kafin ya haye gada an kashe mutum goma. Donald Horowitz, wanda ya yi nazarin tarzomar ƙabilanci a ƙasashe masu yawa ya buga a 2001, ya ga kusan kullum irin labari ɗaya ne yake gabatar tarzoma: suna zuwa, sun tara makamai, sun riga sun kashe namu. Mai kai hari a ransa kare kansa yake yi. A da labarin sai ya bi ƙafa. Yanzu yana cikin wayar da ke ƙugunki, da hoton gawarwakin wata ƙasa na shekarun baya, da muryar wata mata tana kuka tana cewa a tura wa duk 'yan'uwa. Wadda ta tura a WhatsApp da niyyar alheri ta yi, amma niyya ba ta kashe gobara.

Akwai binciken da aka yi a nan gida wanda ya kamata kowace uwar samari ta sani. Wata malama mai suna Alexandra Scacco ta zauna da ɗaruruwan mutane a Kaduna da Jos, waɗanda suka shiga tarzomar 2000 da 2001 da waɗanda ba su shiga ba, tana neman abin da ya bambanta su. Ta ga talauci shi kaɗai bai isa ba, gama matalauta da yawa sun zauna a gida. Wanda ya fi fita shi ne matalaucin da yake cikin tarayyar samarin unguwa, wanda in an yi kira za a ƙwanƙwasa masa ƙofa da sunansa. Da yawa kuma tsoro ne ya fitar da su, domin unguwar talakawa ba ta da katanga, ba ta da mai gadi, 'yan sanda kuma ba su zo ba. A Amurka ma, da Jack McDevitt da Jack Levin suka duba laifuffukan ƙiyayya 169 a birnin Boston, kashi biyu cikin uku samari ne a ƙungiya suka aikata don neman nishaɗi da burge juna. Masu yi don wata aƙida da suka sadaukar da kansu gare ta ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ashe sanin majalisar da ɗanki yake zama bayan sallar isha'i ya fi sanin abin da yake cewa a gabanki muhimmanci.

Ƙungiyoyin ta'adda kuwa da ƙugiya suke kamu, kuma sun san abin da suke sa mata. Arie Kruglanski ya kira shi ƙishin a san da mutum. Kowane ɗan Adam yana so a ce shi ma wani ne. Saurayin da ya gama makaranta shekara biyar ba aiki, ba ya iya sayen ko sabulu, budurwarsa an ba mai kuɗi, a gida kuma kullum ana kiransa cima-zaune, wannan ƙishin yana cinsa. Sai wani ya zo da labarin da ya bayyana masa wanda ya jawo masa wannan hali, da 'yan'uwan da za su kira shi gwarzo. Bukata, da labari, da abokai, in ukun nan suka haɗu an gama. A 2016 ƙungiyar Mercy Corps ta tattauna da mutum 47 da suka taɓa zama cikin Boko Haram. Kusan dukkansu wani na kusa da su ne ya riga su shiga, waɗansu kuma rancen jari aka ba su, da suka kasa biya aka ce su biyo. A 2017 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga nata binciken a kan ɗaruruwan irinsu a Afirka, har da Nijeriya. Kashi 57 cikin ɗari sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addinin da suke cewa suna yi wa yaƙi ba, ko kaɗan suka fahimta. Da yawa kuma sun ce iyayensu ba su kula da su ba suna yara.

'Yan makaranta, kada ku ce wannan maganar samari ce. Daga 2014 Boko Haram ta shiga ɗaura wa 'yan mata bam, kuma wani ƙidaya da aka buga a 2017 ya nuna cikin 'yan ƙunar baƙin wake 434 da ta tura, aƙalla 244 mata ne. A Disamba 2014 aka tayar da bam a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, aka kuma kama wata yarinya 'yar shekara 13 da ta ƙi tayar da nata. Da yawa sace su aka yi aka tilasta musu, waɗannan abin tausayi ne ba abin zargi ba. Amma akwai waɗanda aka jawo da alkawarin karatu da daraja da miji. Duk wanda ya ce miki ke ta musamman ce, iyayenki da malamanki a ɓace suke, kuma kada ki gaya wa kowa abin da kuke tattaunawa, to, wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai ya isa ki gaya wa uwarki a daren.

Kada wata ta ɗauka muna ɗora wa mata kayan da ba nasu ba. Ba mata ne suke raba makamai ba, ba su suke hawa mumbari ko dandalin siyasa ba. Fahimtar yadda zuciya take karkata kuma ba uzuri ba ne ga mai kisa. Babban kaso yana wuyan hukuma. A binciken nan na Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Mun kuma ga abin da ya biyo bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba. A nan Kaduna an kafa kwamitocin bincike bayan 2000 da bayan 2011, amma waɗanda aka hukunta ba su kai a ƙirga ba in aka dubi yawan gawarwakin. Wanda ya ga makashin ubansa yana yawo a gari, wa'azin haƙuri da wuya ya shige shi. Muna kira ga gwamnati ta san cewa kotu mai aiki tana cikin maganin wannan ciwo.

Amma akwai abin da yake hannunmu, kuma shi ma an gwada shi. A 1954 Muzafer Sherif, wani masani ɗan asalin Turkiyya, ya kai yara maza 22 wani sansani a Oklahoma ta Amurka, ya raba su biyu, ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka fara ƙona tutar juna da fasa wa juna ɗaki. Da ya so sulhunta su sai ya haɗa su cin abinci, suka ɓuge da jifan juna da shi. Abin da ya yi aiki shi ne sa'ad da ruwan sansanin ya ɗauke, dole suka taru suka nemo inda ya toshe, da sa'ad da motar abincinsu ta ƙi tashi suka kama igiya ɗaya suka ja. Taron cin shinkafa da jawabai a otal ba ya haɗa mutane. Aikin da ɗaya ba ya iya gamawa sai da ɗayan, shi ke haɗa su.

An sake gwada wannan a cikin garin nan. Malama Scacco da abokiyar aikinta Shana Warren suka zaɓi samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawan Kaduna, aka koya wa mafi yawansu kwamfuta har mako 16, waɗansu a aji mai gauraye, waɗansu a aji na 'yan addini ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2018 yana da ɗaci da zaƙi. Abin da samarin suke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai canja ba, mako 16 bai kankare abin da aka ji tun ana goye ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji mai gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya fi tsorata mu shi ne, waɗanda aka tara su kaɗai da 'yan addininsu sun fito sun fi nuna bambanci a kan waɗanda ba su shiga ajin ba ma sam. Watau zama da naka kaɗai ba tsayawa wuri ɗaya ba ne, ƙara nisa ne. Sai mu dubi makarantun da muke kai 'ya'yanmu yau da wannan ido, mu tuna makarantun 'yan mata irin su Queen Amina da ke Kakuri, inda iyayenmu suka kwana ɗaki ɗaya da 'yan kowace ƙabila.

Wannan ne ya sa Babbar Kasuwa ta fi ƙarfin wurin sayen kayan miya. Tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda matar Narayi da matar Rigasa suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna taya atamfa ɗaya, inda Bahaushe mai shago yake ba Bakatafiya bashi har ƙarshen wata, Inyamuri mai kayan kicin yake ajiye wa hajiya tukunyar da ta ce za ta dawo ta ɗauka. Kowane ɓangare yanzu yana da kasuwanninsa kusa da gida, kuma mun san kuɗin mota ya yi tsada, amma duk macen da ta daina hayewa an rasa shaida ɗaya da za ta ce wa 'ya'yanta, "A'a, ba duka suke haka ba, na san wance." Sai dai ciniki kaɗai bai isa ba. Ashutosh Varshney ya kwatanta biranen Indiya masu yawan rikicin Hindu da Musulmi da waɗanda suke zaune lafiya, ya ga gaisuwar yau da kullum tana taimakawa, amma abin da yake tsayawa ranar tashin hankali shi ne ƙungiyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu, na 'yan kasuwa da na ma'aikata, domin su ne suke da wanda za su kira su tambaya ko labarin gaskiya ne. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gāba a 1992, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, ɗaya ya rasa hannu, tun 1995 suke irin wannan aiki tare. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta watan Agusta 2002. Wata uku bayanta aka sake rikici, amma ba su nannaɗe tabarmarsu ba.

Saboda haka muna roƙon mata 'yan kasuwa su duba adashinsu, in duk masu zubi addininsu ɗaya, su nemo biyu ko uku daga layin da ke gaba. Muna roƙon shugabannin kasuwa su sa mata daga kowane ɓangare cikin waɗanda za a riƙa tuntuɓa in labari ya ɓulla, kafin a ja ƙofofi. Gwajin kwamfutan nan samari kaɗai aka yi wa, alhali ga cibiyoyin koyar da mata ɗinki da saƙa da haɗa sabulu a ko'ina cikin gari, na gwamnati da na ƙungiyoyi. Muna kira ga masu gudanar da su, musamman na tsakiyar gari inda kowa yake iya zuwa da mota ɗaya, su riƙa ɗaukar ɗalibai daga ketaren kogi da nan, kuma in an zo rabon keken ɗinki, tun da dā ma ba ya isa, a zaunar da 'yar Sabon Tasha da 'yar Tudun Wada a kan guda.